Sunan uwa: abin da kakanni sunka ɓoye, mu muna baza shi a salula

 Yau tarihi za mu taɓa, amma bari mu fara da wani abu da ya faru kwanan nan.

Bayan mun rufe shirin dare wani bawan Allah ya kira mu, ya roƙi kada mu faɗi sunansa ko garinsu. Mahaifinsu ya rasu bara. Da anka yi sadakar arba'in, ɗiya da jikoki sunka buɗe zauren WhatsApp na zumunci, abu mai kyau. Ƙanensa, wanda ya yi lekol mai zurfi, ya zauna ya jera dangi kaf a takarda guda, tun daga kakan kakansu: wa ya haifi wa, wace ce uwar wane, a wane gari, wa ke raye, wa ya rasu, wa ya tafi bai komo ba. Ya buɗe akwatin ƙarfen tsoho, ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasarsa da takardar haihuwarsa da takardar gona, ya zuba a zauren. Da abin ya yi masa kyau sai ya ƙara da Facebook, jama'a na ta sa albarka.

Ba a yi wata biyu ba wani ya kira gwaggonsu a ƙauye. Ya ce shi ɗan ƙanenta ne, wanda ya tafi Kumasi tun zamanin Kunce ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya faɗi sunan uwarta, da na kishiyar uwarta, da na kakanta na wajen uwa, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya ce uban ya rasu, ya bar wasiyya ɗiyansa su zo gida su ga dangi, ga shi sun iso Gaya kuɗin mota sun ƙare, ƙanwarsa kuma ba lafiya. Tsohuwa ta yi kuka, ta sayar da tumakinta biyu, ta aika. Tun ranar lambar ba ta sake shiga ba. Wanda ya kira mu ya ce: "Malam, tumaki Allah zai mayar. Abin da ke cin raina, har yau in na je gaishe ta sai ta ce mini, yaron nan bai iso ba?"

Kada wani ya ce tsohuwa ta yi wauta. Gwajin da ta yi ma baƙon, shi kakanninmu sunka yi ta yi shekaru aru-aru, kuma ya yi musu aiki. Don mu gane inda ya lalace, sai mun koma baya.

Kafin zuwan Nasara ba wanda ke yawo da takardar da ke cewa shi wane ne. Shaidar mutum na fuskarsa da bakin jama'a. Bagobiri da tsagarsa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Ba'are da nasa zane biyu daga gefen baki zuwa kunne. Bakatsine da Babarbare kowa da irin tasa. Wanzami ne ke buga hatimin, a makon haihuwa, kuma ba ya goguwa. In baƙo ya sauka a zauren mai gari, bayan ruwa sai tambaya: ɗan wane ne kai, jikan wane, wace unguwa? Falken da ya je Kano ko Agadas ko Gwanja yana da mai masauki wanda zai tsaya masa. Wanda ya yi ƙaryar asali, ayarin da ke biye zai tona shi.

Asali kuwa kashi biyu ne. Na sarakuna a fili yake, a bakin makaɗa da maroƙan fada. Sun san jerin Katsinawan da sunka kafa sarautar Maraɗi bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, tun daga Ɗan Kasawa, da na Gobirawan da sunka zauna Tsibiri, da na Damagaram har zuwa Tanimu da Amadu Kuran Daga. Wannan a gaban taro ake faɗinsa, don shi ne hujjar sarauta. Na talaka kuwa tsofaffin gida ke riƙe da shi, galibi mata, ana tsakura ma yaro kaɗan-kaɗan, sai neman aure ko rabon gado ya taso a buɗe shi sosai.

A cikin wannan na ɗaki akwai suna guda da ba a wasa da shi, sunan uwa. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san irin damben da ke tashi in yaro ya kama sunan uwar wani. Ga kunya ta mu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, sai laƙabi. Ga kuma tsoron da anka gada, cewa mai asiri ba ya aiki sai an ba shi sunan mutum da na mahaifiyarsa. Ko mutum ya yarda da asiri ko bai yarda ba, al'adar ta yi wani amfani: ta mai da sunan uwa abin da na cikin gida kaɗai ya sani. Wanda ya iya faɗinsa daidai, ya haɗa da na kaka, to ɗan gida ne. Abin da gwaggo ta ji a waya ke nan.

Takarda da Faransawa ta zo ma talaka. Sun ci Damagaram a 1899, Zinder ta zama hedikwatar ƙasa daga 1911 har 1926 da anka mayar da ita Yamai. Abin da ya sa kumandan rubuta sunayen mutane sananne ne: haraji, wanda tsofaffi ke ce ma lanho, da aikin tilas, da ɗaukar soja. Yakan fita rangadi da tafinta da magatakarda, mai gari na zaune gefe, kowane mai gida ya lissafa kawunan gidansa. Sunanka ya shiga kundi, kaya ya hau kanka. Shi ya sa kakanninmu sunka iya ɓoyo. An ɓoye yara a rumbu, an ba da sunan da ba shi ba, wasu masu sarauta ma sun tura ɗiyan barorinsu lekol a matsayin nasu. Sai a 1946 anka soke aikin tilas, amma tsoron kundi ya daɗe bayan nan.

Wancan zamani ya bar mana gado biyu da ke cikin katinmu har yau. Na farko, yadda ake rubuta suna. Ba mu da sunan zuri'a irin na Faransawa, sai magatakarda ya ɗauki sunan mutum ya haɗa da na ubansa, wani lokaci da na kaka ko na gari. Na biyu, ranar haihuwa. Ba wanda ya rubuta ta, sai a dubi fuska, a tambayi ko kafin shekarar yunwa ne ko bayanta, a rubuta "né vers", ma'ana an haife shi wajen shekara kaza. Da kwamfuta ta zo, ita ba ta san "wajen" ba, sai anka jibge jama'a a ranar 1 ga Janairu. To ku lissafa da kanku, masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, haihuwar 1 ga Janairu, nawa ne a jihar Maraɗi kaɗai? Me ke raba wannan da wancan a ofis? Sunan uwa, garin haihuwa, lambar takarda. Su ne daidai abubuwan da muke jerawa in muna rubuta tarihin gida.

Bayan samun ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin sa kowa a kundi. An yi ƙidayar jama'a a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, an sabunta dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 2007, an sake a 2019. Duk da haka haihuwa da yawa a gida ake yi, lokacin shaidawa ya wuce ba a je meri ba. Maganin shi ne takardar alƙali, wadda kowa ya sani da zujman: a je gidan shari'a da shaidu su ce lalle wannan ɗan wane ne da wance, an haife shi gari kaza shekara kaza. Kun ga ashe ita ma hukuma a kan bakin mutane ta ɗora takardarta. Daga nan tsani ne. Da takardar haihuwarka da ta mahaifi ake neman nasiyonalite, daga nan katin ɗan ƙasa, sai fasfo, sai izinin tuƙi, sai asusun banki, sai layin salula. Ko rajistar hoton yatsa da anka yi don zaɓen 2020, yatsa na hana mutum shiga sau biyu, amma sunan da ya zo da shi daga takarda ya fito. Wanda ya riƙe matakin ƙasa ya samu hanyar hawa.

Mu faɗi gaskiya tsakaninmu, aron takarda ba baƙon abu ba ne. Mun san yaron da ya shiga lekol da takardar wansa da ya rasu, mun san wanda anka rage ma shekaru don jarrabawa ko neman aiki. Abin na yiwuwa ne don mu mutuwa ba mu cika kai ta meri ba. Mu yi jana'iza ranar, mu yi sadakar uku da bakwai da arba'in, shi ke nan, sai in akwai fansho ko kuɗi a banki a je neman takardar mutuwa. Saboda haka mamata da yawa a kundin hukuma suna nan da ransu. A da na gida kaɗai ke iya taɓa sunansu, don takardar na ƙarƙashin gado cikin akwati, mabuɗin na wuyan tsohuwa.

Salula ta shigo ƙasar nan a 2001. A ƙarshen 2013 anka toshe layukan da ba a yi ma rajista ba, tun lokacin layi ya ɗauru da katin ɗan ƙasa. Kuɗi kuma sunka koma tafiya ta waya da kamfanonin aike: suna, lamba, lambar sirri, an gama. Sai ga WhatsApp da Facebook. Zauren dangi da anka buɗe da mutum ashirin, kafin shekara ya kai ɗari biyu, har da surukan surukai da lambobin da ba wanda ya san mai su. Wani ya sayar da salularsa a kasuwa bai goge komai ba, wani ya bar tasa wurin mai gyara kwana uku, wani an sace. Hoto guda kuwa da yatsa ɗaya ake tura shi wani zaure. Magana zarar bunu ce, balle hoto.

Mu ma ƴan rediyo da namu a ciki. Tun da anka buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, har zuwa tashoshi masu zaman kansu da sunka biyo bayan taron ƙasa na 1991, sanarwar rasuwa da ta aure a bakinmu take. Iyalan wane a Tasawa, iyalan wane a Madawa da Ƙwanni da Abijan, mu jero su tsaf. A iska minti biyu ne ta wuce, sai wanda ke riƙe da alƙalami zai kama rabinta. Yanzu takardar ce kanta ake ɗauka hoto a manna, da lambobin waya don ta'aziyya a ƙasa, ta zauna shekaru tana jiran mai nema.

To me ɓarawo ke yi da su? Mafi sauƙi shi ne abin da ya sami gwaggo, kuma ana juya shi ta ɗaya gefen: a kira ɗan ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Kwatano, a ce maƙwabci ne, mahaifiyarka wance tana asibiti, a faɗi sunanta na yanka, a ce likita na jiran kuɗi. Wane ɗa ne zai tsaya bincike? Akwai kuma satar zauren kansa. Saƙo ya shigo, "ni ce ɗiyar gwaggo wance, an turo miki wata lamba guda shida bisa kuskure, taimaka ki turo mini". Kin tura, WhatsApp ɗinki ya koma hannunsa, ya shiga roƙon dangi da sunanki da hotonki. Da yawanmu lambar sirrinmu shekarar haihuwa ce, tamu ko ta ɗan fari, ga ta nan rubuce a jerin dangi. Hoton kati mai kyau, gaba da baya, ana buga shi a takarda kamar fotokopi, in anka dace da ma'aikacin da ba ya duba fuska a yanki layi ko a buɗe asusu da shi. Ranar da anka yi damfara da layin, ƙofar mai sunan jandarma za su buga. Takardar gona kuwa, irin wadda kwamitocin filaye ke bayarwa tun bayan dokar karkara ta 1993, tana ɗauke da iyaka da maƙwabta da shaidu da hatimi. Mai son ƙirƙirar ta jabu ya samu samfuri, jerin dangi kuma ya gaya masa shaidun da sunka rasu ba za su musa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda sunka riga mu shiga wannan harka sun ɗanɗana. A Amurka akwai wani kamfani, 23andMe, wanda mutane ke aika ma miyau ya binciko musu asali ya haɗa su da dangi. A 2023 ɓarayin intanet sun shiga asusun mutum wajen 14,000 da kalmomin sirrin da masu su sunka taɓa amfani da su a wasu wurare. Da yake kowane asusu na haɗe da na dangi, daga nan sunka kwashi bayanan mutum wajen miliyan 6.9. Ƙofar mutum ɗaya ta buɗe gidan ɗaruruwa, waɗanda ba su yi sakacin komai ba. Faransa kuwa, da ta kawo mana kundin, dokarta ta 2008 ta ce kundin haihuwa da na aure sai ya shekara 75 kafin a buɗe ma kowa. Amurka na rufe sunayen ƙidayarta shekara 72. Manyan shafukan binciken asali ma suna ɓoye bayanan wanda ke raye. Mu kuwa jaririn da anka yi ma suna jiya, takardarsa na Facebook yau.

Kada a fahimce mu ba daidai ba, tattara tarihin gida aiki ne na lada. Gara na cin takarda, gobara na ci, ruwa na ci. Maraɗi kanta ambaliyar 1945 ce ta tashe ta daga fadama ta hau tudu. Ba don Bubu Hama da cibiyar adana tarihin baka da anka kafa a Yamai a 1968 ba, ba don irin su Issaka Dankoussou da ya tattara labaran Katsinawan Maraɗi, da André Salifou da ya rubuta na Damagaram, da Djibo Hamani na Adar ba, da abubuwa da yawa sun bi tsofaffi kushewa. Ƙanen nan da ya jera danginsu ya yi abin da ya kamata kowane gida ya yi. Wurin ajiya ne ya kuskure.

Shawararmu ita ce mu komo da rabon nan na kakanni, na fili da na ɗaki. Labarin kakan kaka, inda ya fito, sana'arsa, yaƙin da ya gani, hotonsa da rawani, wannan a baza, jikoki su yi alfahari. Wanda ke raye, da wanda ya rasu kwanan nan, sunan uwarsa da ranar haihuwarsa da lambar takardarsa su tsaya gida. Kati da fasfo da zujman da takardar fili, a ɗauki hotonsu don ajiya, a ba mutum biyu ko uku amintattu, kada su shiga zaure. In dole sai an nuna tsohuwar takarda don tarihi, a rufe lamba da hatimi da sa hannu tukuna. Kafin ka sa sunan ɗan uwa a jeri ka tambaye shi, don sunansa nasa ne. Masu kula da zauren dangi su zauna su bi lambobi ɗaya-ɗaya, wadda ba a san mai ita ba a fitar. In an yi rasuwa, bayan addu'a a je meri a shaida, a rufe layin mamaci da asusunsa, kada sunansa ya zama rigar wani.

Tsofaffinmu kuma a zauna a yi musu bayani da haƙuri, cewa yanzu sanin sunan uwa ba ya nuna ɗan gida. In baƙo ya kira da zancen dangantaka da kuɗi, a ce masa za a kira shi, a nemi wani ɗan uwa a lambar da anka sani. In ya ce yana Gaya, ai muna da mutane a Gaya, wani ya je tasha ya gan shi ido da ido. Ɗan uwa na gaske ba zai ƙi ba. Wanda abin ya riga ya sama kuma kada kunya ta hana shi magana. Ya ajiye lambar da saƙonnin da rasit ɗin aike, ya kai ma ƴan sanda ko jandarma. Ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita, da dokar 2019 kan laifukan intanet.

Mutumin da ya kira mu ya ce sun cire hotunan daga Facebook, amma ba su san hannu nawa sunka shiga ba kafin nan. Jerin dangin sun buga shi a takarda, sun ba kowane babban gida kofi guda. Gwaggo kuwa sun haɗa kuɗi sun saya mata tumaki, saura wanda zai iya zama gabanta ya gaya mata cewa ba wani yaro da ke zuwa daga Kumasi.

Jama'a, yau da dare kowa ya buɗe zauren danginsu ya hau sama ya duba abin da anka zuba a ciki. Allah shi jiƙan magabatanmu, shi rufa mana asiri. Sai mun haɗu a shiri na gaba.